Taku 15 Daga Bakin Rafi: Wa Ya Bar Gona, Wa Ya Karɓi Kuɗin?

Rafin da ya ratsa gabashin garinmu ba shi da suna a taswira. Gangarawa yake ya haɗu da 'yan'uwansa su zuba cikin Galma, kuma mu da muka tashi a gefensa mun san shi da ladabi. Da rani yaro kan tsallake shi bai naɗe wando ba. A shekaru goman nan ne ya canza hali. An sare itatuwan gaɓa an yi gawayi, an huɗa kunya har leɓen ruwa, shi kuma ya shiga ramawa. A daminar 2021 ina tsaye da kawuna muna kallon gurbin kunya shida na masara, masarar har ta yi goyo, duk sun rufta cikin ruwa a dare ɗaya. Kawu ya yi salati, can ya ce gonar da ya gada tana ƙaura zuwa Zariya kaɗan-kaɗan, ba a biya shi ko sisi ba.

Ni malamin firamare ne. Da aka kawo shirin biyan manoma kuɗi don su bar gaɓar rafin ta huta, ni aka ɗora wa sakataren kwamiti, ba don na fi kowa sanin noma ba, sai don ina da babbar waya kuma rubutuna yana karantuwa. Littafin da na riƙe shekara uku yana nan cikin akwatina, daga cikinsa nake wannan bayani. Ba zan faɗi sunan garin ba, ba kuma zan faɗi ofishin da ya kawo aikin ba. Mutanen da abin ya shafa suna raye, muna haɗuwa wajen suna da jana'iza.

Abin da aka zo da shi

Da bazarar 2022 suka zo, mota ɗaya, mutum huɗu, malamin gonarmu na gaba. Aka taru a gindin durumin ƙofar mai unguwa bayan la'asar. Sharaɗin ba shi da wuyar fahimta. Duk gonar da ta taɓa rafi za a auna taku 15 daga gaɓa a bar shi: ba huɗa, ba ƙuna, ba sara. A jera jema a bakin ruwa, a bi bayanta da gamba, a dasa itatuwan da za su kawo. Gwamnati kuma za ta riƙa biyan kuɗi kowace kaka har shekara uku, gwargwadon tsawon gaɓar da mutum ya bari, kuɗin ta banki zai shigo.

A ganina dabarar ba ta da aibi. Saiwar jema ƙasa take nutsawa kai tsaye, ta riƙe gaɓa kamar an ɗinke ta, kuma kakanninmu sun san ta tun kafin a haifi masu motar. Gamba kuwa ko ba don zaizaya ba, zana ce da jinka. Dalilin biyan kuɗin ma a fili yake: wanda ya bar gaɓarsa shi ke asara yau, amfanin kuma har na ƙasa da shi yake kaiwa, masu fadamar da yashi ke binnewa da masu madatsar da ke cikewa da laka. Idan jama'a ce za ta amfana, adalci ne jama'a ta biya.

Matsalar a jikin fom take, a gida ɗaya tak da aka rubuta "sunan mai gona". A ƙarƙashinsa lambar asusun banki, da BVN, da lambar katin ɗan ƙasa, sai hatimin dagaci. Kowa ya san a bakinmu "mai gona" fuska biyu gare shi. Idan baƙo ya ratso ya yi sallama ya ce "ina mai gonar?", wanda ya ɗago kai daga kan fartanya shi yake nufi. Idan kuma rabon gado ake, mai gona wani ne dabam, ƙila ma bai taka ta ba shekara goma. Na tambayi ɗaya daga cikin jami'an wanne za a rubuta. Ya ce, "Malam, mai ita mana, wanda dagaci zai shaida." Na rubuta yadda ya ce. Wannan kuskuren da hannuna a ciki, ba na ɗora wa kowa shi kaɗai.

Gonaki 34 ne suka taɓa rafin a iyakar garinmu. A 19 masu su ne ke noma su. Guda 11 suna hannun masu aro ko haya. Huɗu kuma jingina ce. Ko ɗaya a cikinsu ba ta da takardar mallaka ta hukuma. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamna amana, ta kuma ba ƙaramar hukuma ikon ba da shaidar mallakar gargajiya a karkara, amma a wurinmu takardar gona ita ce bakin dagaci da ƙwaƙwalwar dattawa. Ke nan a gonaki 15, kusan rabi, sunan da ya tafi banki dabam, hannun da zai bar kunyarsa dabam.

Gonar Baba

Akwai wani dattijo da kowa ke ce wa Baba. Sama da shekara 20 yana noma gonar wani Alhaji ɗan garinmu da ke kasuwanci a Kaduna. Aro ne irin na da: idan kaka ta yi, Baba ya aika da buhun masara ɗaya da kwandon albasa a motar kasuwa, ba don an yanka masa ba, sai don kada a manta gonar ta wane ce. Gaɓarsa doguwa ce, taku 120 na auna. Kuma duk wanda ya san noma ya san bakin rafi shi ne tsokar gona. Da damina wurin kan ba shi buhu uku na masara. Da rani kuwa, shi da maƙwabcinsa suna haɗa kuɗin mai su tayar da injin ban ruwa, ya yi albasa da tumatir da ɗan attarugu. Kuɗin albasar nan da shi yake sayen takin damina na sauran gonar. Wannan ne abin da lissafin ofis bai gani ba. Su tsawon gaɓa suka auna da igiya, ba su auna cewa ɗan zirin nan shi ke ciyar da tudun gonar gaba ɗaya ba.

Baba bai yi gardama ba a shekarar farko. Mai unguwa ya ce a bari, ya bari. Da hannunsa ya jera jemar, shi da jikokinsa biyu, daga wani tsohon kududdufi suka tono ta. Kaka ta zo ta wuce, shiru. Aka shiga wahalar canjin kuɗi a farkon 2023, kowa ya ji da kansa, ba wanda ya ƙara tayar da zancen. Sai cikin damina, bayan an cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu, wayoyi suka fara ƙara. Ta Alhaji ta yi ƙara a shagonsa na Kaduna.

Lokacin da aka sa hannu, kuɗin da aka yanka wa gaɓa irin ta Baba zai sayi buhu biyu na masara. Ranar da ya shigo, buhu ɗaya ma da ƙyar. An ƙayyade shi da naira, manomi kuwa da buhu yake ƙirga asararsa. Dalar da ake saye a kan naira 460 da 'yan kai a farashin hukuma kafin Yunin 2023 ta haura 1,500 a 2024, hauhawar farashi kuma ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar wannan shekarar. Kuɗin shirin bai motsa ba ko da kwabo. Wannan ya shafi kowa, har Kawu da ke noma tasa. Amma Kawu ya karɓi rabin abin da ya zata, Baba kuwa bai karɓi komai ba.

Da rani na biyu na bi gaɓar da littafina ina duba wa ya kiyaye. Na tarar da Baba ya shigo da komi huɗu na albasa cikin wurin da aka hana. Bai taɓa jemar ba, bayanta ya bi. Na gaishe shi, ya amsa bai ɗago ba.

Na ce, "Baba, kun shiga taku 15 ɗin."

Ya ce, "Na shiga, Malam. Rubuta."

Na ce ba don in kai ƙara na zo ba. Ya dafa ƙotar fartanya ya miƙe, ya ce, "Ɗan nan, shekarar da shanu suka shigar mini masara a nan wurin, wa Arɗo ya biya ɓarna? Ni ko Alhaji?"

Na ce, "Ku aka biya."

Ya ce, "To gwamnati ta fi saniya ne? Ita ma amfanina ta ci."

Na rufe littafin ban rubuta komai ba. Har yau ban ji wanda ya fayyace matsalar shirin nan kamar yadda Baba ya fayyace ta a tsaye cikin komin albasa ba. Jami'an "tallafi" suka kira kuɗin, kuma tallafi a kunnen mutanenmu rabon gwamnati ne, wanda sunansa ya fito shi ya ci sa'a. Haka aka saba tun takin da aka riƙa rabawa ta saƙon waya daga 2012, buhu biyu a rabin kuɗi. Alhali wannan ba rabo ba ne, diyya ce. Diyya kuwa kowane ƙauye a ƙasar Zazzau ya san hukuncinta: mai shuka ake biya.

Ba na so a ɗauka Alhaji azzalumi ne. Da na je Kaduna wata Asabar na same shi a shago, ko kusa bai san an hana Baba noman rani ba. Shi dai dagaci ya aiko a kawo lambar asusu, ya bayar, kuɗi ya shigo, ya ce alhamdu lillahi. Da na yi masa bayani sai ya riƙe baki, ya ce, "Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ashe ni ne gardin." A take ya ƙirga kuɗin ya ba ni in kai wa Baba. Sai dai ya roƙe ni abu ɗaya: kada Baba ya dasa itace a gonar da sunan kansa.

Maganar itace

Wannan roƙo na Alhaji ba rowa ba ce, tsohuwar ƙa'ida ce: mai aro ba ya dasa itace. Masara wata huɗu ce a girbe ta a tashi, itace kuwa shaida ce mai tsayuwa. Bayan shekara 30, idan iyaye sun kau, ɗan mai aro zai nuna mangwaro ya ce ubana ya dasa, daga nan shari'a ta tashi. Shi ya sa ko ɗorawa da kaɗanyar da ke cikin gonar aro, 'ya'yansu na mai ƙasa ne sai in ya yafe. Shirin ya ɗora wa mai aro dashe da ban ruwa da tsaron awaki, na itacen da al'ada ta hana shi mallaka, a kan kuɗin da bai gani ba. Da wace zuciya zai ɗauki bokiti?

Dashen ma da ya iso ya iso a makare, ƙarshen Satumba, ruwa na shirin ɗaukewa. Kuma yawancinsa itacen turare ne. A taron farko mata sun aiko ta bakin wata gwaggona cewa su ɗorawa suke so da mangwaro, don kalwa daddawa ce, daddawa kuɗi ce. Masu noman rani kuma sun ce turare shan ruwa gare shi, ba a kai shi bakin fadama. Abin da ke gandun rainon itatuwa shi aka loda. Kafin watan Maris awaki da rana sun gama da mafi yawansa, ba kuma wanda ya yi masa kuka.

Makiyaya ba a gayyace su taron ba sam, alhali mashayarsu biyu na cikin gaɓar da aka ce an killace. Allah ya sa Arɗo da Sarkin Noma abokan wasa ne tun ƙuruciya, su biyu suka zauna suka cire hanyar shanu mai faɗin taku 20 a kowace mashaya, suka kafa duwatsu. Ofis bai sani ba har aka gama shirin.

Inda abin ya yi muni

Na Baba ya zo da sauƙi don ya dace da mutumin kirki. A gonaki uku labarin ya sha bamban. Masu su da suka ga kuɗi ya shigo ba tare da sun zub da gumi ba, suka yi lissafi: abin da mai aro ke aikowa da kaka bai kai wannan ba, ga shi kuma idan mai aro ya shiga taku 15 za a iya yanke musu kuɗin. Sai suka karɓe gonakinsu ɗungurungum. Ɗaya ya ce ɗansa zai noma, ɗan kuwa yana acaɓa a Zariya. Magidanta uku suka wayi gari ba gona, ɗaya a cikinsu 'ya'yansa tara. Biyu sun koma ƙodago, ɗaya ya tafi ci-rani Abuja bai dawo ba sai da gawar mahaifiyarsa ta kira shi. Shirin da aka kawo don kare ƙasa bai nufi korar kowa ba, amma ta ƙofarsa aka kore su.

Jingina kuma ta kai mu gaban dagaci. Wani ya jinginar da gonarsa shekara shida da suka wuce don aurar da 'yarsa, bai fansa ba. Sunansa aka rubuta, don har yanzu shi ne mai ita. Wanda ya ba da kuɗin jinginar, shi ke noma ta, ya ce ai amfanin gonar nasa ne har ranar da aka mayar masa da kuɗinsa. Aka zauna a zauren dagaci, liman na gefe. Mai jinginar ya faɗi ya yi gaisuwa ya ce, "Ranka ya daɗe, gwamnati mai gona ta ce." Dagaci ya juyo gare ni ya ce in karanta abin da kuɗin yake maye. Na ce amfanin da aka hana nomawa ne. Ya ce to ba sauran magana, wanda aka hana shi ke da kaso mafi tsoka. Amma tunda itacen da zai tsaya na mai ƙasa ne, kuma gaɓarsa ce ake gyarawa, ba za a bar shi hannu rabbana ba. Ya raba uku: biyu ga mai noma, ɗaya ga mai ƙasa. Liman ya ce bai ga abin da ya saɓa ba. Babu wanda ya fita yana murna, amma an yi musabaha.

Ashe an taɓa yi a wani wuri

Wani abokina da ke koyarwa a Samaru na ba wa labarin, ya yi dariya ya ce mun maimaita tarihin Amurka ne ba mu sani ba. A 1933 gwamnatinsu ta fara biyan masu gonakin auduga don su rage noma. Kuɗin hannun masu ƙasa ya shiga, da sharaɗin su raba da masu noma-mu-raba da ke zaune a gonakinsu. Da yawa suka riƙe kuɗin suka sallami mutanen, har a 1934 manoman da abin ya shafa, baƙaƙe da farare, suka kafa ƙungiya a jihar Arkansas don neman haƙƙinsu.

Babban shirinsu na yanzu na hutar da gona, wanda suke kira CRP, dokar 1985 ce ta kafa shi, kuma ana ganin tabon wancan darasi a jikinsa. Yarjejeniyar shekara 10 zuwa 15 ce, ba uku ba. Kuɗin shekara ana yanka shi ne bisa abin da ake hayar gona irinta a wannan gundumar. Gwamnati na ɗaukar har rabin kuɗin shuka ciyawa ko itatuwan. Akwai iyakar dala 50,000 a shekara ga mutum ɗaya, akwai ƙa'idar yadda za a raba kuɗin da masu haya da masu noma-mu-raba, kuma a bisa doka ba a shigar da fiye da kashi 25 cikin ɗari na ƙasar noman gunduma guda, don kada garin ya mutu, masu sayar da taki da masu gyaran tarakta su rasa ciniki. Duk da haka kasuwa na jan su yadda ta ja Baba: a 2007 ƙasar da ke cikin shirin ta haura eka miliyan 36, da hatsi ya yi tsada kuma majalisa ta rage iyakar, sai ta yi ta raguwa. Ba ina cewa mu kwafi Amurka ba ne. Manomi ɗaya a can gonarsa ta fi ta garinmu duka. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne tambayar "wa za a biya" tsohuwa ce, an sha wuyarta an rubuta, mu kuma aka kawo mana fom mai gida ɗaya.

Misalin da ya fi kusa da mu ma yana Maraɗi. Tun shekarun 1980 manoman can suka koma barin tohon kututture a gona suna yi masa aski maimakon su sassabe shi, aikin da wani ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya yi fice wajen yaɗawa. An ƙiyasta ƙasar da ta farfaɗo a Nijar ta wannan hanya da hekta miliyan 5. Ba kuɗin wata-wata ya riƙe gawon nan da ke gonakinsu ba. Abin da ya riƙe shi shi ne manomi ya tabbata itacen nasa ne, zai sassari reshe ya sayar malamin daji bai kama shi ba.

Shekara ta uku

Hukuncin dagaci shi muka mayar ƙa'idar gari. Na ja layi a littafina na yi gida biyu, "mai ƙasa" da "mai noma". Ofis ya ce ba zai iya canza sunayen da ke cikin kwamfuta ba, don haka kuɗi ya ci gaba da shiga inda yake shiga, amma duk wanda wayarsa ta yi ƙara sai ya kawo kaso biyu gaban mai unguwa ya miƙa a gaban shaidu. A cikin masu ƙasa 12 da suka rage a wannan sahu, tara sun cika alkawari ba tare da an bi su ba. Biyu sai da liman ya taka har gida. Ɗaya ya ce a kai shi kotu, aka ƙyale shi da halinsa.

Maganar itace kuma aka warware ta da jimla ɗaya da Sarkin Noma ya kawo: gindi na mai ƙasa, 'ya'ya na mai ban ruwa muddin yana gonar. Aka rubuta, kowa ya dangwala. Muka bar jiran dashen ofis, muka haɗa kuɗi muka sayo mangwaro ɗan aure da gwaiba. Baba ya dasa tara, ya kewaye kowanne da ƙaya. Albasarsa kuma muka kau da kai, muka daidaita a kan ya bar taku takwas maimakon 15. Na san wannan ya saɓa wa takarda. Amma taku takwas da ake tsaro da zuciya ɗaya ya fi 15 da ake sata da dare, kuma da masu dubawa suka zo, gaɓar Kawu aka kai su, suka ɗauki hoto a gaban jemar da ta kai ƙugu, suka sha fura suka juya.

Abin da ya sa na ga ya kamata a rubuta wannan shi ne kuɗin gyaran ƙasa yanzu ya fara shigowa Arewa da gaske. A Disambar 2021 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 don shirin ACReSAL, na jihohin Arewa 19 da Abuja, da burin farfaɗo da hekta miliyan 1. Namu ƙaramin gwaji ne, ba ya cikin wancan. Amma duk wani aiki da zai ce wa manomi bar nan, dasa can, zai tarar da masu aro da masu haya da masu jingina a gonakin, ko ya rubuta su ko bai rubuta ba.

Yadda gaɓar take yanzu

Na sake bin rafin da ƙafa bayan ɗaukewar ruwan 2025, shekara guda da ƙarewar yarjejeniyar. A gonakin da masu su ke nomawa, jemar tana nan kusan ko'ina, don sun ga aikinta da idonsu. Kawu bai sake rasa kunya ba, laka ma ta taru a bayan jemar har ta yi ɗan tudu. Yawancinsu sun matso sun cinye rabin takun, sun bar layin ciyawar. A gonakin aron da aka raba kuɗi, abin ya yi kama da haka. Mangwaron Baba shida sun rayu. Ba zan ce yarjejeniyarmu ce kaɗai ta yi wannan ba: a 2025 masara ta faɗi warwas, taki kuma ya ƙi saukowa, don haka kwaɗayin huɗa kowane taƙi ya ragu da kansa. Ranar da masara ta sake tashi ne za a san gaskiyar riƙon.

Gonaki ukun da aka karɓe kuwa, da kuɗi ya tsaya masu su suka ba da su haya ga wani mai noman tumatir daga wani gari, haya ta shekara-shekara, kuɗi hannu. Shi ba ruwansa da gaɓar baɗi. Ya sa tarakta ta tuge jemar ta huɗa har leɓen ruwa. Yanzu akwai kwazazzabo a wurin da ya fi tsayina zurfi, kuma yashin da yake amayarwa a fadamar maƙwabcin Baba yake sauka.

Biyan ƙarshe ya shigo a farkon 2025, ban da na gonaki biyu da banki ya mayar, wai sunan da ke BVN bai dace da na katin ɗan ƙasa ba. Ɗaya ta gwaggon nan tawa ce da ta kawo maganar ɗorawa. A kati ɗaya an rubuta ta da sunan mahaifinta, a ɗayan da na marigayi mijinta. Sau uku ina kai takardar gyara, na ƙarshen na tarar an mayar da jami'in wani sashe, ɗakin kuma an zuba buhunan siminti. Duk Juma'a idan na biya gaishe ta, kafin in gama cire takalmi take ɗago 'yar wayarta daga cikin kwalla ta miƙo mini ta ce, "Malam, duba mini, ko ya shigo ban ji ba."